Taurarin da ke saman Tahoua: yadda ake gane su da abin da suke nunawa

Wani malamin lakkol daga Tahoua ya aiko da tambaya. Ya ce da bazara, in zafi ya koro kowa tsakar gida, yara kan tsare shi da tambayoyi: me ya sa wasu taurari ke ƙyaftawa wasu kuma ba sa yi, ina taurarin hunturu ke zuwa da damina, kuma wai da gaske ne in tauraro ya faɗi wani babban mutum ne ya rasu? Yana son sanin ta inda zai fara, ga shi ba shi da wata na'ura.

Malam, ka yi sa'ar wurin zama. Tahoua tana wajen digiri 15 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Yamai kuma digiri 13 da rabi. Mai zama a nan yana ganin samaniyar arewa dukanta, yana kuma leƙa kusan duk ta kudu. In aka bi shekara daga farko har ƙarshe, abin da ke ɓuyar mana bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Mutumin Paris bai taɓa ganin tauraron nan mai haske da ake kira Suhailu daga ƙofar gidansa ba, mu kuwa duk hunturu yana nan kudu da mu.

Na'urar farko ita ce hannunka. Miƙe shi sosai ka dunƙule: faɗin dunƙulen nan a jikin sama digiri 10 ne, ko na yaro ko na babba, don mai ƙaramin hannu damtsensa ma gajere ne. Daga gindin sama zuwa tsakar ka dunƙule tara ne. Da wannan ma'auni za mu yi magana har ƙarshe. Na'ura ta biyu ido ne, amma sai an yi masa haƙuri. Ido na bukatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya buɗe sosai, kuma duba salula sau ɗaya ya isa ya ɓata wannan jiran. In dole sai an haska, a rufe bakin tocila da jar leda, jan haske bai cika kashe ido ba. Sannan a zaɓi dare: daga 19 ga watan Musulunci wata ba ya fitowa sai bayan ƙarfe 10, kullum kuma yana ƙara makara da kimanin minti 50, don haka daga ranar har zuwa 3 ko 4 ga wata mai kamawa farkon dare naku ne. Oktoba da Nuwamba sun fi kowane lokaci, ruwa ya wanke sama, hazon hunturu bai sauka ba. A irin wannan dare, a bayan gari inda babu fitila, ido lafiyayye na ganin taurari wajen 2,500. Yara za su rantse sun fi miliyan, amma iyakarsu ke nan a lokaci guda.

Batun ƙyaftawa, daga iskar da ke kanmu yake. Tauraro rana ce kamar tamu, wasu ma sun fi ta girma nesa ba kusa ba, sai dai tsananin nisa ya mayar da shi ɗigo guda tamkar tsinin allura. Haskensa na ratso iska mai zafi da mai sanyi suna cuɗanya, suna karkatar da shi nan da can, kamar yadda kake ganin bango na rawa in ka hange shi ta saman murhu. Shi ya sa tauraron da ke ƙasa-ƙasa ya fi ƙyaftawa, don iskar da haskensa ya ratso ta fi kauri. Waɗanda ba sa ƙyaftawa kuwa duniyoyi ne masu kewaya rana irin tamu, ba su da hasken kansu, na rana suke mayarwa. Da yake kusa suke, kowace tana da ɗan faɗi ko da ido bai rabe shi ba, sai rawar wannan gefe ta shafe ta wancan, hasken ya tsaya cak.

Guda biyar ake gani da ido, kuma malamanmu sun san sunayensu tun da: Uɗaridu, Zuhura, Mirriku, Mushtari da Zuhalu. Zuhura ita ce Zara matar wata da ake gani yamma bayan magariba, ita ce kuma Gamzaki mai fitowa gabas kafin asuba. Abu ɗaya ne mai suna biyu. Da yake ta fi mu kusa da rana, ba ta taɓa nisantarta fiye da digiri 47, wato ƙasa da dunƙule biyar. Tana yin watanni a yamma, ta ɓace, ta ɓullo a gabas, zagayen ya cika cikin kwana 584. Saboda haka duk wani abu mai tsananin haske, marar ƙyaftawa, da ka gani tsakar ka da tsakar dare, kada ka ce Zara ce, Mushtari ne. Mirriku jaja-jaja yake, yana ƙara haske sosai duk bayan wata 26 in mun matso kusa da shi. Wanda kuma ke tafiya a hankali ya ratsa sama cikin ƴan mintoci, bayan magariba ko gab da asuba, tauraron ɗan adam ne. Mafi haskensu tashar binciken sararin samaniya ce da ke kilomita 400 a sama, tana kewaya duniya cikin minti 90 da ɗoriya. Mai jan wuta da kore yana walƙiya, jirgi ne.

Yanzu tambayar da ta fi amfani: ina taurarin hunturu ke zuwa? Suna nan, rana ce ta shiga gabansu. Akwai motsi biyu da ya kamata yara su rarrabe. Na farko juyawar duniya, wadda ke sa dukkan sama ta gangara daga gabas zuwa yamma digiri 15 cikin awa ɗaya, dunƙule ɗaya da rabi. Na biyu tafiyar duniya a kewayen rana, wadda ke sa kowane tauraro ya riga jiya fitowa da kusan minti 4. Minti huɗun nan su ne awa biyu a wata, awa 24 a shekara. Tauraron da ke tsakar ka ƙarfe 10 na dare yau, bayan wata shida ƙarfe 10 na safe zai kasance a wurin, hasken rana ya lulluɓe shi. Ga gwajin da za ka ba su: yaro ya ja layi a ƙasa inda zai riƙa tsayawa, ya zaɓi tauraro mai haske, ya rubuta lokacin da ya ɓuya bayan katanga ko turken wuta. Ya dawo bayan mako ɗaya. Zai tarar ya riga da minti 27 zuwa 28. Inda gwajin ke lalacewa shi ne in yaron ya goce daga layin ko da taki ɗaya, ko kuma ya zaɓi ɗaya daga duniyoyin nan biyar, don su suna da tafiyar kansu.

A kan wannan motsi aka gina lissafin taurari 28 da malamai ke yi wa manoma: Surayya, Dabaran, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Simaku, Kalbu, Shaula da sauransu. Kowane yana da kwana 13, in ban da Jabha mai 14, sai ya ba da 365 daidai. Lissafi ne mai kan gado, kuma bai kamata ɗan lakkol ya raina shi ba. Sai dai tauraro alama ce ta lokaci, ruwa kuwa iskar damina ce ke ɗauko shi daga teku ta kudu maso yamma, da ikon Allah, wata shekara ta riga, wata ta makara. Akwai kuma wani ɗan gocewa da ba kowa ya sani ba: sandar da duniya ke juyawa a kanta tana yin lilo a hankali, zagaye ɗaya cikin shekara kimanin 26,000, shi ya sa ranakun fitowar taurari ke matsawa kwana ɗaya duk bayan shekara 70 da ƴan kai. Lissafin da aka tsara shekara dubu da ta wuce ya goce da kusan mako biyu.

A fara koyo da hunturu, don samaniyar lokacin ta fi sauƙin karatu. Ƙarshen Janairu, wajen ƙarfe 9 da rabi na dare, ka fuskanci kudu ka ɗaga kai sosai. Za ka ga taurari uku a jere, tazararsu ɗaya, wasu huɗu sun kewaye su. Wannan shi ne Jauza'u, Turawa na ce masa Oriyon, Abzinawa kuma Amanar, wato ja-gora. Ukun nan su ne mabuɗin sauran. Bi layinsu ta hagu, dunƙule biyu, ka iske Shi'ira, tauraron da ya fi kowane haske da dare, wanda aka ambaci sunansa a Suratun Najmi. In yana ƙasa-ƙasa yakan riƙa walƙiya ja, kore, shuɗi, har mutane su zaci jirgi ne. Bi layin ta dama, dunƙule biyu, ka sami Dabaran mai ja-ja, ka ƙara ɗaya da ɗan abu ka faɗa kan Kaza da ƴaƴanta, wadda ita ce Surayya. Yawancin mutane shida suke ƙirgawa, mai kaifin ido bakwai ko fiye, alhali sun haura dubu. Kaza kan ɓace a yamma ƙarshen Afirilu, ta sake ɓullowa gabas kafin asuba wajen tsakiyar Yuni, daidai lokacin da manomin Adar ke duban gabas yana jiran ruwan shuka. Daga Shi'ira kuma ka gangara kudu dunƙule uku da rabi, ga Suhailu nan, na biyu a haske, wanda ba ya wuce digiri 22 a sama daga Tahoua.

Ka tsaya a kan Jauza'u ka nuna musu launi, don a nan ne ilimin yake. Na kusurwar sama ta hagu ja ne, shi ake kira Betelgus. Na kusurwar ƙasa ta dama fari ne mai shuɗi-shuɗi, Rijil, daga kalmar Larabci mai nufin ƙafa. Duk yaron da ya taɓa tsayawa a maƙera ya san dalili. Ƙarfe in ya fara ɗaukar wuta ja yake yi, a ci gaba da zuga ya koma ruwan ɗorawa, in ya kai maƙura ya yi fari. Haka taurari: ja shi ne mai ƙarancin zafi. Zafin fatar Betelgus wajen digiri 3,300 ne a ma'aunin zafi, na ranarmu 5,500, na Rijil kuwa ya haura 11,000. Betelgus tsoho ne da ya kumbura, faɗinsa ya ninka na rana sau ɗaruruwa, har da za a ajiye shi a gurbinta da ya haɗiye duniyarmu da Mirriku. Ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020 ya dushe har ido na gane bambancin, aka yi ta cewa zai fashe, daga baya aka gano ƙurar da ya fesar ce ta tare haskensa.

Nisa kuwa, kilomita ba ta iya ɗaukarsa, shi ya sa ake auna shi da tafiyar haske. Haske na cin kilomita 300,000 cikin daƙiƙa ɗaya. Daga wata zuwa nan daƙiƙa ɗaya da ɗan abu, daga rana minti 8 da daƙiƙa 20. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, ba tsayawa ba shan mai, sai ta yi shekara 171 kafin ta kai rana, tauraro mafi kusa kuma shekara fiye da miliyan 45. Hasken Shi'ira da ka gani yau ya baro gida shekara 8 da rabi da suka wuce, na Dabaran 65, na Suhailu wajen 310, na Kaza wajen 440, na Rijil fiye da 800. Daga nan wasu ke cewa ai taurarin da muke gani duk sun mutu tuni. Maganar ta yi yawa. Tauraro na rayuwa miliyoyi ko miliyoyin dubban shekaru, ɗari takwas a wurinsa kamar ƙiftawar ido ce.

Da bazara sai a koyi arewa da kudu, kuma dare ɗaya ya isa. Cikin Mayu, tsakanin ƙarfe 9 da 10, ka fuskanci arewa. Can sama akwai taurari bakwai masu siffar ludayi a kife, huɗu ƙoƙo, uku mariƙi. Larabawa na ce musu Banatu Na'ashi, Abzinawa kuma Talamt, raƙuma. Ɗauki biyun da ke bakin ƙoƙon, nesa da mariƙi, ka ja layi daga su zuwa ƙasa, tsawon tazararsu sau biyar. Tauraron da ka iske shi ne na arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa dare duka, shekara duka. Kuskuren da aka fi yi shi ne neman mai tsananin haske, alhali matsakaici ne, taurari fiye da 40 sun fi shi. Tsayinsa daga gindin sama daidai yake da nisan garinku daga layin da ya raba duniya biyu: dunƙule ɗaya da rabi a Tahoua, ƙasa da haka kaɗan a Yamai, ya ɗan ƙara ɗagawa in ka nufi Agadas. Da yake ƙasa yake, hazo ko itacen maƙwabci kan rufe shi. Daga Oktoba zuwa Disamba ludayin na ƙarƙashin ƙasa da farkon dare, sai a nemi wasu biyar masu siffar harafin M a sama da arewa. Tauraron arewa na ƙarƙashinsu dunƙule uku.

A daren Mayun nan, juya ka ba arewa baya. Ƙasa-ƙasa, tsakanin dunƙule ɗaya da biyu, akwai taurari huɗu a gicciye, Gicciyen Kudu. In ya miƙe tsaye, ƙafarsa kudu sak take nunawa. Hagu da shi akwai biyu masu haske. Na nesa da gicciyen, wanda ya fi haske, shi ne Alfa Santauri, maƙwabcinmu mafi kusa da ido ke gani, tafiyar haske shekara 4 da wata 4. Sai an sami fili marar gini ta kudu, da dare marar ƙura.

Wanda ya san arewa ya san alƙibla. Daga Tahoua alƙibla tana wajen digiri 74 daga arewa, wato gabas da ɗan karkata arewa digiri 16. Daga Yamai wajen 72. Ka sa tauraron arewa a kafaɗarka ta hagu, ka fuskanci gabas ke nan, sannan ka karkata hagu dunƙule ɗaya da rabi. Akwai ma hanyar da ta fi wannan sauƙi: daga yankinmu Dabaran na fitowa ne a digiri 73, kusan kan alƙibla. Farkon Nuwamba yana ɓullowa wajen ƙarfe 8 na dare, ƙarƙashin Kaza. Amma a duba shi cikin awa ta farko da fitowarsa, don in ya ɗaga yakan zame kudu.

Damina ta Kunama ce. Yuli da Agusta, daren da ruwa ya ɗauke, za ka gan ta kudu da lanƙwasasshiyar wutsiya, jan tauraro a ƙirjinta shi ne Kalbu, na bakin ƙarinta Shaula. Gefen wutsiyar ne farin zirin nan mai kama da hayaƙi ya fi kauri. Taurari ne cunkus, gungun da ranarmu ke ciki, su fiye da miliyar 100, kuma ta wajen nan cibiyarsa take. Da kaka kuma akwai abin da ya fi komai nisa cikin abin da ido ke kaiwa. Tsakiyar Nuwamba, wajen ƙarfe 9 da rabi, ka nemi harafin M ɗin nan, ka hau daga ƙololuwarsa ta hagu dunƙule ɗaya da rabi. Akwai wani ɗan dishi-dishi kamar an shafa alli da yatsa. Kada ka zura masa ido, dubi gefensa kaɗan, don gefen ido ya fi tsakiyarsa kama raunanan haske. Wannan Andiromeda ce, wani gungun daban, haskenta ya yi shekara miliyan 2 da rabi a hanya. Masanin taurari Abdurrahman Assufi ya rubuta ta a littafinsa na taurari a shekarar 964, ya kira ta ɗan gajimare.

In lakkol ɗinku za ta iya sayen abu ɗaya, ta sayi madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda aka rubuta wa 7x50 ko 10x50. A jingina gwiwar hannu a kan katanga, don rawar hannu ita ce ke ɓata kallo. Da shi Kaza ke zama gommai, ramukan wata su fito, a kuma ga watanni huɗu na Mushtari jere a gefensa, waɗanda masanin taurari Galileyo ya fara gani a 1610. A gargaɗi yara da babbar murya: kallon rana da shi ko na daƙiƙa ɗaya na iya makantar da mutum.

Saura faɗuwar tauraro. Abin da ake gani ɗan tsakuwa ne, yawanci bai wuce ƙwayar gero ba, da ke shigowa iskar duniya da gudun kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa, ya ƙone tun yana kilomita 80 zuwa 100 a sama. Camfin mutuwar babban mutum ya daɗe, tun jahiliyya ake faɗinsa, kuma ya zo a hadisin Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba a jefa su don mutuwar wani ko haihuwarsa. Haka tauraruwa mai wutsiya da ake wa kirari da ganinki ba alheri ba: dunƙulen ƙanƙara da ƙura ce mai kewaya rana, zafi ke fitar mata da wutsiya. Wadda ake kira Halley ta zo a 1986, za ta dawo a 2061, yaran ajinka na iya ganinta.

Wani lokaci dutsen kan yi girman da ba ya ƙonewa duka. Ranar 21 ga Agusta 1991 wani mai nauyin kilo 110 ya faɗo a Tazarzait, cikin jihar Tahoua. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani mai kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, bincike ya nuna ɓallin duniyar Mirriku ne. A Nuwamban 2023 kuma aka tsinci wani na Mirrikun a jihar Agadas, kusan kilo 25, mafi girman irinsa da aka taɓa samu. An yi gwanjonsa a New York cikin Yulin 2025 kan dala fiye da miliyan 5, hukumomin Nijar suka buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar.

In kana son yara su gani da yawa a dare guda, akwai ranakun da duniya ke ratsa turbar ƙura a kowace shekara. Na 12 zuwa 13 ga Agusta hadari kan ɓata mana shi. Wanda ya fi dacewa da mu shi ne daren 13 wayewar 14 ga Disamba, in babu farin wata kuma hazo bai yi kauri ba. A shimfiɗa tabarmi bayan gari, kowa ya zo da bargo, a kwanta rigingine, kada a sa madubi don yana ƙuntata gani. Suna farawa tun ƙarfe 10, su fi yawa wajen ƙarfe 2 na dare, gommai cikin awa ɗaya. Raba yaran huɗu, kowane rukuni da kusurwarsa, mutum ɗaya na riƙe da agogo yana rubuta adadin kowane minti 15, su kuma lura da inda kowane zirin haske ya taso: in suka mayar da layukan baya, za su tarar duk sun haɗu a wuri ɗaya, kusa da wasu taurari biyu masu haske arewa maso gabas da Jauza'u, waɗanda malamai ke kira Zira'a.